Mutum Huɗu Ne Suka Ɗauki Shanyayye

Dattawa da 'yan'uwa cikin Ubangiji, mu faɗa wa juna gaskiya. Idan hawan jini ya shanye ɓarin jikin ɗan'uwa a Dutsin-Ma ko Kurfi, makon farko gida cike yake da masu addu'a. Bayan wata guda fa? Sai matarsa kaɗai, ko 'yarsa da aka cire daga makaranta. Ita ce wanka, ita ce juya shi duk bayan awa 2 don kada gyambo ya fito masa, ita ce neman kuɗin mota zuwa asibitin Katsina don gashi. Sa'an nan mu ce ta yi sanyi, ba ta zuwa sujada!

Wasu za su ce mu kaɗan ne, baikonmu ma kaɗan. Zaman awa 3 da majinyaci kuɗi yake ci? A Markus sura 2, mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayye zuwa wurin Yesu.

Dattawa, ku rubuta sunaye, ku raba kwanaki tsakanin Zumuntar Mata, maza da matasa, domin mai jinya ta samu barci. Ku keɓe baiko ɗaya kowane wata don magani da kuɗin mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.