Ina Magadan Kafintocin Wudil?

A 1982, da aka shigo da tsarin ilmi na 6-3-3-4, an yi alkawarin kowane yaro zai bar makaranta da sana'a a hannunsa. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje, da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da malamai.

Yau a Wudil, garin da ke da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, samari sun fi son acaɓa a kan riƙe zarto da guduma, iyaye kuwa digiri kaɗai suke hange.

Wajibi ne hukumomin ilmin sana'a su gaya wa jama'a: yara nawa suka shiga ajin kafinta, nawa suka kammala, nawa aka kashe? Dukiyar talakawa ce, mai dukiya kuwa ba a ɓoye masa lissafi.