Kimiyya a Tsakar Gida: Idan Ƙafar Bayan Mota Ta Fara Gurnani

Wannan makon za mu ajiye allo da alli, mu je mu tsuguna a gefen mota.

Duk wanda ya tsaya da safe a Command Junction ko a garejin Television zai ga yadda Sharon da Siyana suka cika hanya, wasu na lodin Abuja, wasu Kachiya da Kafanchan, wasu kuma na gida ne da ake kai yara makaranta daga Barnawa, Narayi ko Unguwar Romi. Waɗannan motoci masu kujeru bakwai suna da wata cuta da suka yi tarayya a kai. Wata rana ana cikin tafiya sai a ji wani ƙugi daga baya, kamar jirgin sama na wucewa can nesa. In an ƙara gudu ya ƙaru, in an rage ya ragu. Galibi boris ɗin ƙafar baya ne ya gaji.

Kun san boris. Shi ne ƙanenku ke nema a wurin mai gyaran keke don ya haɗa motar katako. Zobe biyu ne na ƙarfe, ɗaya a cikin ɗaya, a tsakaninsu akwai ƙwallaye ko 'yan sanduna masu santsi da ke iyo cikin giris. Aikinsa shi ne abin da malamin Fiziks ya koya muku a darasin gogayya: jan abu a ƙasa ya fi mirgina shi wuya nesa ba kusa ba. Ba don boris ba, da taya za ta riƙa gugar sandar da take juyawa a kai har ta yi ja da zafi. Wani maƙeri a ƙasar Wales, Philip Vaughan, ya yi rajistar wannan dabara a 1794 don keken doki. A 1898 Henry Timken na Amurka ya zo da mai sanduna masu tsini, a 1907 kuma Sven Wingquist ya kafa kamfanin SKF a Suwidin. Daga cikin wannan kamfani na boris ne motar Volvo ta fito a 1927, sunan ma da Latin yana nufin "ina mirginawa".

Ku ɗauko biro mu auna wahalar da wannan ɗan ƙarfe ke sha. Tayar Siyana mai lamba 215/65 R16 tsayinta ya kai kimanin santimita 69. Ku ninka da 22/7, za ku samu kewayenta ya ɗan haura mita 2. Ke nan a kowace kilomita tana juyawa kusan sau 460, a tafiyar kilomita 100 kuwa sau 46,000. In direba na gudun kilomita 100 a awa, tayar na juyawa kusan sau 13 a daƙiƙa guda, kafin ku ƙifta ido ke nan. Duk wannan yana faruwa ne da mota mai nauyin kusan tan biyu a kai, tun kafin a zuba mutane, a ɗora buhunan masara da doya a but.

Me ke kashe shi? Rami na farko. Duk lokacin da taya ta faɗa rami da gudu, ƙwallayen nan suna dukan zoben, su bar masa ɗan tabo da ido ba ya gani. Daga nan kowane juyi sai ƙwallo ya bi ta kan tabon, tabo ya yi ta faɗi. Na biyu ruwa. Da damina, in aka kutsa da mota cikin ruwan da ya kwanta a unguwannin bakin kogi, boris yana da zafi, ruwa na da sanyi, sai iskar ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa ta gefen robar da ke toshe shi. Giris ya gauraya da ruwa da yashi, tsatsa ta samu gida. Na uku lodi fiye da kima, wanda ba sai na yi muku bayani ba.

A da, yawancin motoci boris ɗinsu a buɗe yake. Makaniken da ya koyi aiki a zamanin da masana'antar Peugeot ta Kakuri, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, ke fitar da 504, ya saba ciro boris, ya wanke, ya cusa sabon giris, ya mayar. Na motocin yanzu a rufe yake ruf, an haɗe shi da hob, wato faifan ƙarfen da ake ɗaura taya a jiki. Ba a buɗe shi, ba a ƙara masa giris. In ya mutu sai a sauya dukan hob ɗin. Wannan ya sa kayan sun fi tsada, amma aikin ya fi sauƙi, har mutum mai natsuwa da kayan aiki zai iya yin sa a gida cikin awa biyu ko uku.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a tabbatar shi ne. Taya da ta cinye a karkace ita ma tana ƙugi, kuma mutane da yawa sun sayi hob alhali taya ce matsalarsu. Ga yadda ake bambancewa. Ƙugin boris yana bin gudun mota, ba ya bin kukan inji. In aka karkata sitiyari hagu a hanyar da babu kowa, nauyi na komawa dama; in ƙugin ya ƙaru, to ana zargin na dama. Sai a ɗaga motar, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza. Bai kamata ta yi ƙwas-ƙwas ba. A juya ta da hannu, a dafa sifirin da ɗaya hannun. Lafiyayyen boris shiru yake, mataccen kuwa za a ji shi a tafin hannu kamar ana niƙa tsakuwa. In har yanzu ana shakka, a musanya tayar gaba da ta baya a sake gwadawa. In ƙugin ya bi taya ya koma gaba, an tsira da kuɗin hob.

Sai sayen kaya. Ko a nan kudu ne ko an haye gada zuwa Oriapata, a tafi da lambar shasi da shekarar motar, domin Siyanar da ke ja da ƙafafun gaba kaɗai hob ɗinta daban yake da na mai ja da huɗu, a wasu motocin ma na hagu daban na dama daban. Za a nuna muku sabo, a nuna muku ɗan Beljiyam. Ra'ayina a nan a fili yake: fitila ko ƙofa 'yar Beljiyam ba laifi, amma boris abu ne mai ƙarewa, ba wanda ya san kilomita nawa ya ci kafin ya iso. Sabon ma sai an buɗe ido, don akwai na jabu cikin kwali mai kyau. Wanda ya yi arha fiye da hankali, a bar shi a kanti. Arha ba ta ado.

Yanzu ga wurin da nake so ku karanta sau biyu. Wannan aiki na babba ne, ku mataimaka ne, kuma babban aikinku shi ne ku hana a yi ganganci. Jak an yi shi ne don ɗaga mota, ba don riƙe ta ba. Da zarar ta ɗagu sai a sa mata madogarin ƙarfe mai ƙafafu a wurin da littafin motar ya nuna. Bulon siminti ba madogari ba ne. Yakan fashe farat ɗaya ba tare da ya yi sallama ba. A yi aikin a daɓe mai tauri kuma miƙaƙƙe, ba a ƙasar da ruwan sama ya jiƙa ba. Tayar da aka cire a kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar, ko da wani abu zai faru ta tare. Akwai kuma tarko ɗaya da ya keɓanta da aikin baya: birkin hannu ƙafafun baya yake kamawa, dole a sake shi kafin durom ko faifan birki ya fita. Da an sake shi, abin da ke riƙe motar giya ce kawai. Saboda haka a sa ta a P ko giya ta ɗaya, a danna weji gaba da bayan tayoyin gaba. Ƙananan yara kuwa a kore su cikin gida. Kada kowa, ko da Baba ne, ya sa kansa ko ƙafarsa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In ya yi, ku gaya masa cikin ladabi, ku kuma sake gaya masa.

Sauran aikin bin tsari ne. A sassauta notunan taya tun tana ƙasa, sannan a ɗaga, a cire. In motar mai durom ce, a zare durom ɗin; in ya kafe, yawanci akwai 'yan ramuka biyu masu zare a fuskarsa da ake ɗaura ƙusa a ciki ta turo shi waje. In mai faifai ce, a kwance maƙallin birki, wanda makanikai ke kira kalifa, a rataye shi da waya a jikin sifirin. Kada a bar shi yana reto a tiyon man birki. Ƙurar birki ba a hura ta da baki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kada kuma wani ya shiga mota ya taka birki alhali kaya na kwance.

A bayan hob akwai siririyar waya ta na'urar ABS, wadda ke ƙirga juyin taya don kada ta daskare in an taka birki da ƙarfi. A zare ta a hankali. Ku ɗauki hoto da wayar hannu a kowane mataki, ku jera ƙusoshi a kan kwali yadda suka fito, wannan aikin ya dace da ku. A Siyana ƙusoshi huɗu ne ke riƙe hob. Wasu motocin babban noti ɗaya ne a tsakiya, mai buƙatar ƙarfi sosai, kuma ba a maimaita shi, sabo ake sawa. In tsatsa ta manne tsohon hob, a fesa man sassauta tsatsa, a jira, a buga shi da hama ta gefe. Tsohon ne kaɗai ake duka. Sabon in aka buga masa hama, an yi masa irin tabon da rami ke yi tun bai taka titi ba. Kafin a zauna da shi, a kankare mazauninsa da burushin waya har ya yi fes, don ɗan ɓarɓashin tsatsa ya isa ya sa shi zama a karkace.

Ɗaurewa ita ce inda aka fi yin ɓarna a garuruwanmu. Kun sha ganin an zura dogon bututu a sifana, ƙato ya hau yana tsalle. Ku auna da darasin ƙarfin murɗawa: ƙarfi sau tsawon hannu. Toyota ta ƙayyade wa notunan tayar Siyana niyutan-mita 103. In hannun sifana rabin mita ne, ana buƙatar ƙarfin niyutan 206, wato nauyin kilo 21 kacal, kamar jarkar ruwa mai lita 20. Mutum mai kilo 70 in ya tsaya a wannan hannu ya ba da niyutan-mita 350, ya ninka abin da ake so fiye da sau uku, tun bai yi tsalle ba. Ƙarfe yana miƙewa, in ya wuce iyakarsa ba ya komawa, ranar da zai tsinke kuma ba a tsakar gida zai tsinke ba. Akwai sifana mai awo da ke yin ƙas in an kai adadin. A aro ta ko a yi hayarta. Adadin ƙusoshin hob ya bambanta daga mota zuwa mota, a duba littafin, kada a yi kintace. Notunan taya biyar ɗin kuwa ba a bin su a jere. A ɗaure wannan, a tsallaka zuwa na daura da shi, kamar ana zana tauraro.

Wani lokaci sai a haƙura a kai gareji. In boris ɗin irin wanda ake dannawa da injin matsi ne, ko ƙusa ta karye a ciki, ko babu madogari da sifana mai awo, to aikin ya fi ƙarfin gida, kuma kuɗin makanike bai kai na asibiti ba. Abin da bai kamata ba shi ne a ƙara ƙarar rediyo a ci gaba da tafiya. Mataccen boris yana zafi, yana iya kafewa, taya na iya fita gaba ɗaya. Ku yi tunanin haka ta faru bayan an wuce Gonin Gora, mota cike da mutane, tirela na biye.

Na san wasunku na ganin kanikanci aikin wanda boko ya ƙi ne. Ku lura cewa a wannan aiki ɗaya mun taɓa gogayya, kewayen da'ira, faɗaɗar iska da tsukewarta, da ƙarfin murɗawa, duk tambayoyin da WAEC da NECO ke maimaitawa. 'Yan mata ma har da ku; sifana ba ta tambayar hannun wa ke riƙe da ita.

In an mayar da komai, a jona wayar ABS, a sauke mota, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin a motsa. A gwada birkin hannu. A zaga unguwa a hankali, rediyo a kashe, gilashi a sauke, a duba ko fitilar ABS ta mutu. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notunan taya da sifana. Tsohon hob ɗin kuma kada ku bari 'yan gwangwan su tafi da shi tukuna. Ku roƙi mai walda ya yanka muku shi biyu, ku kai wa malamin Fiziks, ku nemi tabon da ya jawo ƙugin a jikin zoben.