Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

A shekarar 1970 Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar yanke hukuncin kisa ga 'yan fashi da makami. A watan Satumba na 1971 aka harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Ikko a gaban ɗimbin jama'a, a watan Maris na 1987 kuma aka harbe Lawrence Anini a Benin. Har ila yau dokar laifuffuka ta jihohin Kudu ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya fasa gidan wani, in kuwa da dare ne, ɗaurin rai da rai. Duk da wannan tsanani ba a daina fasa gidaje ba, domin hukunci sai bayan ɓarna yake zuwa. Tsare gida kafin ɓarna kuwa nauyi ne da ke wuyan mai gida.

Ɓarawo ba ya faɗa wa gida da ka. Yakan san lokacin da gida ke zama wayam, da ɗakin da ake ajiya, da ƙofar da ba ta da ƙwari. Shi ya sa Hausawa ke cewa da ɗan gari akan ci gari. Labarin yakan fita ta bakin yara, ko ta wajen leburan da aka kawo gyara aka bar su suna kewaya ɗakuna, ko ta wajen mai gidan kansa da ke shela a Facebook cewa iyali duka sun tafi gida hutun Salla. Saboda haka matakin farko shi ne kama baki, da kai kuɗi banki maimakon tura su ƙarƙashin katifa.

Na biyu, a dubi ƙofa da abin da ke riƙe da ita. Babban kwaɗo a jikin ruɓaɓɓen katako ba shi da amfani, domin katakon za a ɓalle a bar kwaɗon yana lilo. A sa sakata sama da ƙasa daga ciki, a kuma ba ƙofar baya irin kulawar da ake ba ta gaba. Wanda ya tare a gidan haya ya canza makullai tun ranar farko, tunda bai san hannu nawa suka riƙe na da ba. A daina ɓoye mabuɗi ƙarƙashin dutse, a ɗauke tsani daga tsakar gida, a sare reshen da ya jingina da katanga. A duba rufi kuma, domin akan yaye kwano a sauko ta silin. Fitila mai aiki da hasken rana a bakin ƙofa tana ci ko an ɗauke wuta.

Sai dai akwai hattara game da ƙarafan taga. Ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana iyali fita ranar gobara, musamman da hunturu. Ya wajaba a bar taga ɗaya mai buɗewa, mabuɗinta kuma yana inda kowa a gidan ya sani.

Mafi ƙarfin tsaro duka shi ne maƙwabci. A tsarin gidan Bahaushe baƙo ba ya wuce zaure sai da sallama, wanda ya sauka a unguwa kuma sai mai unguwa ya san da zuwansa. A manyan birane kuwa mutum yakan shekara bai san sunan wanda katanga ta raba su ba, har a kwashe kayansa da rana tsaka maƙwabta na tsammanin ƙaura yake yi. Mai shirin tafiya ya sanar da amintaccen maƙwabci, mazauna layi su riƙe lambobin juna, su haɗa kuɗin 'yan sintiri da sanin 'yan sanda.

In ƙaddara ta faɗa, ɓarayi suka shigo da makami, kada a yi jayayya da su a kan dukiya, domin ita ana mayar da ita, rai kuwa ba a mayarwa. A kira lambar gaggawa ta 112, kada a taɓa wurin da aka fasa kafin 'yan sanda su iso. Wanda ya adana rasit da lambar IMEI ta wayarsa, mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa in an danna *#06#, ya sauƙaƙa musu bincike. In kuma an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma. Ɗalibai 4 na Jami'ar Fatakwal da aka kashe a Aluu a watan Oktoba na 2012 bisa ihun "ɓarawo" sun isa gargaɗi ga duk unguwar da ke son yanke hukunci da hannunta.

Allah Ya tsare gidajen jama'a.