Ƙarancin Kitsen Jini Ba Kullum Ne Albishir Ba

Ma'aikaci a Abuja idan ya karɓi takardar gwajin jini, layin kolestarol yake fara dubawa. In ya ga adadin ya sauka, sai ya yi hamdala. Ga mai ƙoshin lafiya, wannan murna tana kan hanya. Amma ga wanda zuciyarsa ta daɗe da gazawa, ba ta iya harba jini yadda ya kamata, labarin ya sha bamban.

A shekarar 2003 Rauchhaus da abokan aikinsa a Landan suka nuna cewa a cikin masu wannan ciwo, waɗanda kitsen jininsu ya yi ƙasa su ne suka fi saurin rasuwa. Tun 1990 kuma an gano cewa sinadarin kumburi mai suna TNF yana ƙaruwa a jinin waɗanda ciwon ya yi wa tsanani. Hauhawar CRP ma alama ce ta haɗari.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan zuciya ta gaza, jini yana taruwa a hanta da hanji, cin abinci ya ragu, jiki ya rame. Wasu masana suna ganin gubar ƙwayoyin cutar hanji tana kutsawa cikin jini ta tayar da kumburi, kitsen jini kuwa yana taimakawa wajen ɗaure ta. Saukar kolestarol a nan shaida ce cewa ciwo ya ci jiki.

Sai dai gyara lambar takarda ba ya tsawaita rai. A gwajin CORONA na 2007, mai majinyata 5,011, maganin rosuvastatin ya sauke kolestarol da CRP, amma yawan mutuwa bai ragu ba. Gwajin GISSI-HF na Italiya ya tabbatar da haka a 2008. Magungunan toshe TNF ma ba su yi amfani ba.

Abin da ya fi shafar ma'aikacin Nijeriya yana cikin binciken THESUS-HF na 2012, wanda ya haɗa ƙasashen Afirka 9. Hawan jini ne babban sanadin ciwon, matsakaicin shekarun majinyatan kuwa 52 ne, wato shekara takwas kafin ritaya.

Don haka bai dace mai ciwon zuciya ya fassara wa kansa sakamakon gwaji ba. Kada ya dakatar da maganin da likita ya rubuta masa, kada kuma ya koma cin maiƙo don ɗaga lamba. Ya lura da nauyinsa, da kumburin ƙafa, da yadda numfashi ke yi masa a kan matakalar ofis. Hukumar NHIA kuwa, wadda dokar 2022 ta kafa, ya kamata ta tabbatar cewa awon hawan jini da hoton zuciya da magungunan da aka tabbatar suna rage mutuwa suna isa ga ma'aikaci ba tare da jeka-ka-dawo ba.