Mutanen Kura da Bunkure, Cinikin Waya Ma Yana da Doka

Iyayena da 'yan'uwana na Kura da Bunkure da Garun Malam, manoman rani da masu casar shinkafa, mata masu sana'a a cikin gida, samari masu POS a bakin titi, da ku nake. Kasuwa ta shigo cikin wayoyinmu. Irin tumatir na gwangwani, maganin feshi, injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, atamfa da leshi, har ita kanta wayar, yau a WhatsApp da Facebook da TikTok ake tallarsu. A tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint, a ɗoro kaya a mota daga Legas ko Anacha ko cikin birnin Kano, a sauke a tasha. Wannan ciniki ya rage mana wahala, ba mai musun haka. Amma ranar da aka buɗe kwali aka tarar ba abin da aka gani a hoto ba ne, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin yawancinmu: na bar shi da Allah. Dogaro ga Allah wajibi ne, amma Allah bai hana mai haƙƙi neman haƙƙinsa ba. Shirun da ka yi yau shi ke ba macuci ƙarfin zuwa ga maƙwabcinka gobe.

Asarar manomi ta fi ta kowa zafi, domin ba ta tsayawa a kan kuɗin kayan. Wanda aka aiko wa takalmi marar kyau, da ya buɗe leda ya gani. Wanda aka sayar wa jabun iri kuwa sai ya yi raino, ya yi dashe, ya zuba taki, ya biya 'yan ƙwadago da kuɗin ruwa, ya kwana a bakin kanal yana jiran layinsa, sannan bayan watanni ya gane abin da ya shuka ba shi ya saya ba. A lokacin 'yan'uwansa na loda kwanduna zuwa Kwanar Gafan, shi kuma yana lissafin bashi. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwanta ke raya wannan yanki, amma ruwan ba ya dawo wa mutum da ranin da ya wuce. Haka maganin feshi. Duk wanda ya ga ɓarnar tsutsar da muke kira Sharon a gonakin tumatir a 2016 ya san yadda tsoro ke sa manomi ya sayi kowace kwalba aka ce masa tana aiki, kuma masu haɗa jabu sun san wannan tsoron, da shi suke cin abinci.

To ku sani akwai doka, kuma tamu ce. A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa tun 1992. Dokar ba ta ware cinikin shago daga cinikin waya ba. Duk mai sayar da kaya a Nijeriya tana kansa, ko yana da rumfa a Kantin Kwari ko shagonsa bai wuce shafin Instagram ba.

Sashe na 122 kamar don mu aka rubuta shi. Idan ba ka samu damar duba kaya ba kafin a kawo maka, sannan suka zo ba su dace da bayanin da aka yi maka ko samfurin da aka nuna maka ba, kana da ikon ƙin karɓa cikin lokacin da ya dace, a mayar maka da kuɗinka cif. Haka nan idan ka faɗa wa mai kaya aikin da kake so su yi, misali ka ce injin da zai ja ruwa ya shayar da eka biyu kake nema, ya ce zai yi, kuma ya kasa. Sashe na 132 ya ba ka wata uku daga ranar da kaya suka iso: idan suka nuna aibu, ka mayar, ɗawainiyar mayarwar a wuyan mai sayarwa take, shi kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya dawo da kuɗi. Sashe na 117 ya wajabta wa mai sayar da kwance ko gyararren kaya ya bayyana haka ƙarara, ba ya goge tsohon inji ya sa shi a sabon kwali ba. Sashe na 118 ya ba ka haƙƙin rasit mai ɗauke da sunan mai kaya da adireshinsa da kwanan wata da farashi. Akwai kuma wanda na fi so kowane manomi ya riƙe, sashe na 145: idan ka ce kaya na da aibu, nauyin kawo hujja a kan mai sayarwa yake, shi zai tabbatar da cewa kayansa lafiya lau suke. Wanda ya take waɗannan haƙƙoƙi, sashe na 155 ya tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ko tarar da za ta iya kai Naira miliyan 10, ko duka biyun.

Wani zai ce, ai ya rubuta a shafinsa cewa ba a mayar da kuɗi bayan biya. Wannan rubutu bai fi ƙarfin doka ba. A watan Afrilun 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke hukunci a ƙarar da wani lauya ya kai kamfanin sufuri na Peace Mass Transit, wanda ya hana shi kuɗin tikitinsa na Naira 500 bisa wannan hujja. Kotu ta ce tsarin ya saɓa wa doka, ta umarci a biya shi diyyar Naira 500,000. Wani kuma zai ce manya ba a taɓa su. A watan Yulin 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta, mamallakin Facebook da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220, kuma kotun sauraron ƙararrakin gasar kasuwanci ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Hukumar da ta tunkari Meta ba za ta ji tsoron mai tallar jabun iri a TikTok ba. Abin da take buƙata shi ne wani ya kai mata ƙorafi da hujja a hannu.

Kuma kada wani ya ce mana wannan al'adar Turawa ce. Malamanmu da ke karantar da Risala a zaure sun daɗe suna bayanin cewa ya halatta a sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa, kuma a fiƙihun Malikiyya idan abin ya zo saɓanin siffar, mai saye na da zaɓin fasa ciniki. Haka idan aka ɓoye masa aibu. Duk ɗalibi ya san labarin tarin hatsin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a cikinsa a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, da irin kashedin da ya yi wa mai algus. Hoton da aka turo maka a waya siffantawa ce. Saƙon muryar da aka ce maka iri ne mai jure zafi alkawari ne. Addini da dokar ƙasa sun haɗu a kan wannan.

Saura namu aikin, kuma tun kafin a tura kuɗi yake farawa. Ka tambayi sunan kasuwancin da adireshin shago, ka sa yaro mai karatu ya duba ko yana da rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Idan sunan da ya fito a asusun da za ka tura wa kuɗi daban yake da na mai maganar, ka dakata. Inda ake yarda a biya bayan kaya sun iso, ka zaɓi haka. Iri kuwa, ka nemi tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, da lambar da ake kankarewa a tura ta waya don tantancewa. Maganin feshi ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Bayan an biya, kada ka goge komai. Hoton tallar, hirar WhatsApp, saƙon murya, alat ɗin banki, takardar direba, duk ka adana. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta ba kotu damar karɓar shaidar da ta fito daga waya da kwamfuta. Ka ɗauki bidiyo lokacin da kake buɗe kwalin. Ya ɗan'uwana manomi, gwangwanin irin nan kada ka ba yara su yi wasa da shi, ka ajiye shi tare da ɗan ragowar iri a ciki har a gama girbi, ka riƙa ɗaukar hoton gonar daga raino zuwa fure. Ranar da za a yi jayayya, wannan gwangwani shi ne shaidarka.

Idan matsala ta faru, ka bambanta mutum biyu. Ɗan kasuwar da ya aiko kaya marar kyau, ka fara rubuta masa buƙatarka ka ba shi wa'adi. Ya ƙi, ka kai ƙorafi FCCPC ta shafinta na intanet, ko Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Jihar Kano, ko ka nufi kotu kai tsaye, domin sashe na 146 ya buɗe maka hanyar FCCPC da ta kotu. Tun 2019 Kano ke da kotunan ƙananan ƙararrakin kuɗi, inda mutum ke iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Wanda kuwa ya karɓi kuɗi ya kashe waya ya ɓace, ɗan damfara ne, maganarsa ta 'yan sanda da EFCC ce, kuma a ranar za ka sanar da bankinka, kada ka kwana. Asusun da ka tura wa kuɗi yana haɗe da BVN ko NIN na wani, yana da mai shi. Bankin da ya yi biris da ƙorafinka har mako biyu, shi ma ana kai ƙararsa sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin Nijeriya.

Dole in juyo gare mu. Mu ma yanzu masu sayarwa ne. Shinkafar Kura tana tafiya Abuja da Legas ta hoton waya. Wanda ya nuna tsabtatacciya ya loda mai tsakuwa da gutsure, ko ya ce buhu kilo 50 ne alhali ya tauye, dokar nan shi ma tana jiransa, kuma sunan garin gaba ɗaya yake zubarwa.

Na san manomi ɗaya da ke tsakiyar ban ruwa ba zai bar gona ya yi ta zarya a birni ba. Shi ya sa nake kira ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na kowane sashe na aikin noman rani na Kadawa: yadda kuke haɗuwa ku yashe kanal ku raba ranakun ruwa, ku zaɓi matashi ɗaya mai ilimi a kowace ƙungiya ya riƙe littafin ƙorafi, ya rubuta sunan shafin da ya cuci ɗan ƙungiya da lambar asusun da aka tura wa kuɗi, ya shigar da ƙorafin da sunan jama'a. Mutum ashirin da gwangwani ashirin na kamfani ɗaya, ba ofishin da zai kau da kai daga gare su. Ranku ya daɗe hakimai da dagatai, ku gayyato jami'an kare masu saye su zo su yi bayani da Hausa a ƙofar fada. Allah gafarta malamai, ku ware huɗuba guda a kan algus a cinikin waya kafin a fara rainon iri. Iyayenmu mata, ku sanar da juna a zaurukan adashe sunan duk shafin da ya aiko leshi saɓanin hoto. Duk wanda aka cuta a ranin da ya wuce kuma hirar tana nan a wayarsa, ya nemi sakataren ƙungiyarsa a wannan makon, a fara rubutawa da shi.