Filin Malamin Yaƙi da Jahilci: Ina wasiƙun ƙungiyarku suke kwana?

 

Zancenmu na wannan wata a kan wasiƙa ne. Ba ta takarda da ake kaiwa gidan waya ba. Wadda ke zuwa cikin kwamfuta, da ake ce ma imel. Wani zai ce: "Malam, ni ko kusa da kwamfuta ban taɓa zama ba, ina ruwana?" To, ka tambayi magatakardan ƙungiyarku. Zancen takin zamani, alkawarin mai sayen albasa, ranar allurar bisashe, takardar bashi, da yawa ta nan suke zuwa yanzu. In sun ɓace, guminka ne ya ɓace.

Ga abin da na gani da idona. Akwai wata ƙungiyar manoman albasa da nake taimaka ma wajen rubutu. Bara wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, kwamfutarsu ta ƙone. A cikinta akwai wasiƙar wani ɗan kasuwa da ya yarda da kuɗin buhu tun albasa tana gona. Da albasa ta cika kasuwa, sai ya ce shi bai san wannan zance ba. Magatakarda ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ai ya zuba komi cikin kile USB, wato ɗan abin ajiyar nan da bai fi yatsa ba. Muka je wurin mai gyara, aka buɗe kile. Ko wasiƙa ɗaya babu! Ashe abin da ya kwafa shi ne ɗan hoton da ake latsawa in za a buɗe wasiƙu. Ƙyauren rumbu ya ɗauko, ya bar hatsi. Dole aka sayar da albasa yadda ɗan kasuwa ya so. Ban ga laifin magatakarda sosai ba. Babu wanda ya taɓa nuna masa, kuma mu ma ba mu taɓa cewa ya buɗe mu gani ba.

Tun daga nan na zauna da mai gyara na koya. Ku karanta ma magatakardanku wannan.

Shirin da ke karɓar wasiƙu cikin kwamfuta iri biyu aka fi gani: Outlook na kamfanin Microsoft, da Thunderbird wanda ake samu kyauta. Kowanne yana da rumbunsa. Outlook yana tara wasiƙu cikin ƙunshi guda babba, wato fayil, mai sunan da ke ƙarewa da .pst. Thunderbird kuwa yana da dosiye guda da ake kira profil. Wasiƙu, da adireshin mutane, da sauran tsari duk suna ciki. Windows tana ɓoye wurin da wannan dosiye yake, shi ya sa mutane ba su ganinsa. Hanya mai sauƙi ita ce a buɗe Thunderbird, a latsa Aide, a shiga Informations de dépannage, a latsa Ouvrir le dossier. Wannan dosiyen ne za a kwafa, dukkansa.

Wani lokaci an samu rumbun, amma kwamfuta ta ƙi kwafa, ta ce ana aiki da fayil ɗin. Dalili shi ne shirin yana buɗe. Ba a auna hatsi ana zuba wani a kai. A rufe Outlook ko Thunderbird, a ɗan dakata, sannan a kwafa. In aka yi shi shirin na buɗe, ko kwamfuta ta yarda, ana iya samun ajiya mai giɓi.

Wata matsalar ta fi ruɗa mutane. Kile yana da wuri da yawa, amma kwamfuta ta ce fayil ya yi girma. Ba ƙarya take yi ba. Giga ma'auni ne, kamar yadda tiya take ga hatsi. Kile da yawa suna zuwa da tsarin da ake kira FAT32, shi kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4. Kamar rumbu ne babba mai ƙaramin baki: wuri akwai, dami ba ya shiga. Magani shi ne a sake tsarin kilen zuwa exFAT ko NTFS. Amma a yi hattara, wannan aiki yana share duk abin da ke ciki. A kwashe kaya tukuna.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Wasiƙa tana shigowa kwamfuta ta hanya biyu. Ɗaya sunanta POP. Ita tana ɗauko wasiƙa daga babban gidan ajiya na intanet ta kawo cikin kwamfuta, kuma in haka aka tsara ta, sai ta share ta can. Irin wannan ce ta ci mutanen albasa. Ta biyu sunanta IMAP. Ita tana barin wasiƙa can, kwamfuta tana nuna maka ita kawai. In kwamfuta ta mutu, sai a shiga da adireshi da lambar sirri a wata, a tarar da komi. Amma kada wannan ya sa a yi barci. Da IMAP, in wani ya share wasiƙa a salularsa, ta tafi har cikin kwamfuta. Kuma tun Outlook na 2013, wasiƙun IMAP suna zama cikin fayil mai ƙarewa da .ost, wanda ba a ɗauka a buɗe a wata kwamfuta haka kawai. Sai an bi ta Fichier, Ouvrir et exporter, Importer/Exporter, an fitar da su zuwa .pst. Magatakarda ya tambayi mai gyara wace hanya ce tasu, ya rubuta cikin littafin ƙungiya.

Bayan an kwafa, a gwada. A kai kilen wata kwamfuta mai irin shirin, a buɗe, a nemo wasiƙar makon jiya da ta bara. Shugaba da ma'aji su tsaya a yi a gabansu. Su da suka koyi karatu, su karanta sunan mai wasiƙa da kwanan wata da kansu. A guji soka kilen ajiya a kowace kwamfutar kasuwa, don akwai cutar da ke ɓoye dosiye ta bar hotunan banza.

Ni shawarata, kile biyu, kuma a sabunta su kowane ƙarshen wata. Ɗaya wurin magatakarda, ɗaya gidan shugaba, cikin gwangwani mai murfi saboda ƙura da ruwa. Wasiƙar da ta shafi kuɗi kuma a buga ta a takarda. Ku kawo ta makaranta da dare, mu juya ta da Hausa tare, a sa cikin akwatin ƙungiya.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake riƙon lambar sirri idan an canza magatakarda.