Lasisin Bindiga a Aljihu, Ɗan Sanda a Bakin Taga

Da misalin ƙarfe tara na daren 6 ga Yuli, 2016, wani ɗan sanda mai suna Jeronimo Yanez ya tsayar da wata mota a Falcon Heights, ƙaramin gari da ke gefen birnin St. Paul a jihar Minnesota ta Amurka. Direban, Philando Castile, baƙar fata ne ɗan shekara 32, ma'aikaci a ɗakin abincin wata makarantar firamare. Budurwarsa, Diamond Reynolds, tana zaune kusa da shi, 'yarta mai shekara huɗu kuma tana kujerar baya. Jami'in ya ce masa fitilar birkinsa ba ta aiki, ya nemi lasisin tuƙi da takardar inshora. Castile ya miƙa takardar inshorar, sannan cikin ladabi ya shaida masa cewa akwai bindiga a jikinsa. Yana da lasisin riƙe ta. Yanez ya ce kada ya ɗauko ta. Castile ya ce ba ita yake ɗaukowa ba, Reynolds ma ta faɗi haka. Yanez ya harba harsashi bakwai cikin motar, biyar suka sami Castile, ya rasu a daren. Daga fara magana zuwa harbin ba a cika minti ɗaya ba.

Tun daga lokacin, masu koyar da riƙe bindiga a Amurka suka ƙara ƙaimi wajen karanta wa ɗalibansu abin da za su yi idan ɗan sanda ya tsayar da su. Direba ya gangara gefen hanya, ya kashe mota, ya sauke gilashi, idan dare ne ya kunna fitilar cikin mota. Ya ɗora hannuwansa biyu kan sitiyari, ya bar su a nan. Kada ya shiga laluben takardu kafin jami'in ya iso, domin daga baya duk sunkuyo kamar neman makami yake. Idan zai yi bayani, ya fara da cewa yana da lasisi kafin ya ambaci makamin, don kada kalmar bindiga ce za ta fara faɗawa kunnen jami'in. Ya faɗi inda take, ya faɗi inda walat ɗinsa yake, ya tambayi yadda ake so ya yi, kuma kada ya motsa sai an ba shi izini. Wasu malaman har suna ba da shawarar a riƙa ajiye takardu a wani wuri da ido ke gani, nesa da ƙugu.

Shawarwarin nan masu kyau ne, kuma duk mai ɗauke da makami da ya yi watsi da su ya yi wauta. Matsalar ita ce an mai da su amsar tambayar gaba ɗaya. Mutum biyu ne a bakin titin, dukansu da makami. Ɗaya an horar da shi, ana biyansa albashi, yana da rigar sulke da rediyo da abokin aiki, shi ya zaɓi lokacin tsayarwar da wurinta. Ɗayan yana kan hanyarsa ta komawa gida ne. Amma na biyun ake wa dogon karatu kan natsuwa, kan yadda zai jera kalmominsa, kan inda zai ajiye yatsunsa, kuma idan ya kuskure ko da ƙiris, da ransa zai biya. An bar jaki ana dukan taiki.

A duba abin da aka nema daga Castile. An ce ya kawo lasisin tuƙi, sai da hannu zai ɗauko shi. An kuma ce kada ya kai hannu ga bindiga, ita ma tana jikinsa. Ba a janye umarnin farko ba kafin a ba da na biyu. Ba a ce masa ya mai da hannu kan sitiyari ba, ba a tambaye shi inda makamin yake ba. Gaba kura, baya sayaki: idan ya tsaya cak ya ƙi kawo lasisi, idan ya motsa ya zama barazana. Yanez ya shaida wa kotu cewa ya ga hannun Castile a kan bindigar, kuma ya ji tsoron za a kashe shi. Masu taimaka wa alƙali yanke hukunci sun wanke shi a ranar 16 ga Yuni, 2017. Sai dai abokin aikinsa da ke tsaye a ɗaya gefen motar a wannan dare bai ko zaro bindigarsa ba. Kuma ko da a ce an yarda da duk abin da Yanez ya faɗa, tambaya tana nan: wane ne ya kai al'amarin inda hannun direba zai kasance kusa da aljihunsa bayan ya riga ya faɗi gaskiya? Mai ba da umarni ne ke da ikon hana hakan, da jimla guda.

Doka ma ba ta sauƙaƙa wa direban ba. Babu ƙa'ida ɗaya a faɗin Amurka kan ko dole ne mai lasisi ya sanar da jami'i cewa yana ɗauke da makami. A Michigan wajibi ne ya faɗa nan take. A Arewacin Karolina ma haka, da zarar jami'i ya tunkare shi. Ohio ta daɗe da irin wannan doka, sai a 2022 ta sassauta, ta mai da shi sai an tambaya. A Minnesota, inda Castile ya mutu, sai idan jami'in ya tambaya ne amsa ta zama dole. Wato abin da dokar jiharsa ba ta tilasta masa ba ya yi, don kyautatawa. Direban da ya ratsa jihohi uku a yini ɗaya, shirunsa halal ne a nan, laifi ne a can, ga shi kuma maganar tasa tana iya tayar da hankalin jami'in da bai saba jin ta ba. Darasin da mutane da yawa suka ɗauka daga Falcon Heights shi ne gara a yi shiru inda doka ta yarda. Babu wanda wannan darasi ya fi cutarwa irin 'yan sandan kansu.

Kotun Ƙolin ƙasar kuwa ta daɗe tana faɗaɗa wa jami'i fili. A shari'ar Pennsylvania da Mimms ta 1977 ta ce yana iya umartar direba ya fito daga mota ba tare da ƙarin dalili ba, a 1997 ta haɗa da fasinjoji. A shari'ar Whren ta 1996 ta ce muddin akwai laifin tuƙi komai ƙanƙantarsa, tsayarwar ta halatta, ko da wani abu dabam ne a zuciyar jami'in. Haka aka yi wa Castile: kafin tsayarwar, Yanez ya faɗa ta rediyo cewa direban ya yi kama da wanda ake nema kan wani fashi, har ya ambaci faɗin hancinsa, fitilar birki ita ce dalilin da ya gaya masa a baki. Sai kuma shari'ar Graham da Connor ta 1989, wadda ta ce a auna amfani da ƙarfi da idon jami'i mai hankali da ke wurin a wannan lokaci. Idan aka haɗa waɗannan, jami'i na da 'yancin tsayarwa kusan duk lokacin da ya so, kuma tsoronsa ne ma'aunin abin da ya biyo baya. Tsoron direba ba shi da gurbi a lissafin. Kafin daren nan an tsayar da Castile fiye da sau arba'in cikin shekara goma sha uku, galibi kan ƙananan laifuffukan tuƙi. Mutumin da ya sha wannan ba ya buƙatar a koya masa ladabin bakin titi.

Masu kare 'yan sanda suna cewa tsayar da mota aiki ne mai haɗari, kuma gaskiya ne. An kashe jami'ai a bakin tagar mota, jami'i kuma ba ya ganin zuciyar wanda ke ciki. To amma mai niyyar harbi ba ya fara sanar da cewa yana da bindiga. Kuma haɗarin aikin shi ne hujjar horo mai kyau. A 2014 Yanez ya halarci wani kwas mai suna Bulletproof Warrior, irin horon da aka daɗe ana suka da cewa yana koya wa jami'i kallon kowace haɗuwa a matsayin yaƙi. Ƙasar da ke ba 'yan ƙasa lasisin yawo da bindiga, ta kuma koya wa jami'anta cewa jin kalmar bindiga alamar mutuwa ce, ita ta haɗa faɗan da hannunta.

Lamarin kuma ƙaruwa yake yi. A 2022, a shari'ar Bruen, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ɗaukar bindiga a wajen gida don kare kai haƙƙi ne da tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa. Fiye da rabin jihohin Amurka yanzu ba sa ma neman lasisi kafin mutum ya ɓoye bindiga a jikinsa. Direba mai makamin halal ya zama abin da jami'i zai riƙa tararwa a aikinsa na kullum, don haka babu sauran uzurin cewa abin ya zo masa a ba-zata. Abin kunya shi ne ƙungiyar NRA, wadda ta fi kowa fafutukar wannan haƙƙi, da aka kashe mai lasisi bayan ya bayyana makaminsa, sai ta fitar da gajeriyar sanarwa wadda ko sunansa ba ta kama ba. Wasu 'ya'yanta da kansu sun yi tir da hakan. Haƙƙin da ba a kare shi idan baƙar fata ne mai shi, da wuya a kira shi haƙƙin kowa.

Gyaran ba shi da wuyar ganewa. A rubuta wa jami'i nasa karatun kamar yadda aka rubuta wa direba: da zarar an ce masa akwai makami, ya soke duk umarnin da ya gabata da bakinsa, ya ce a ɗora hannu kan sitiyari, ya tambayi inda makamin yake da inda takardu suke, ya riƙa ba da umarni ɗaya bayan ɗaya, idan hankalinsa bai kwanta ba ya ja da baya zuwa inda jikin motar zai kare shi. Kuma jami'in da ya tsallake waɗannan matakai ya amsa tambaya a kansu, ko da kotu ta yarda cewa ya ji tsoro. Sannan a rage yawan tsayarwar kanta. Birnin Philadelphia ya hana tsayar da mota kan wasu ƙananan laifuffuka irin su mutuwar fitila ɗaya, dokar ta fara aiki a 2022. John Choi, mai gabatar da ƙara na gundumar Ramsey wanda shi ya gurfanar da Yanez, ya sanar a 2021 cewa ofishinsa zai daina bin yawancin ƙararrakin da suka samo asali daga tsayarwar da ba ta shafi lafiyar jama'a ba.

A 2020 jihar Minnesota ta ƙara sashe a littafin koyon tuƙinta kan abin da direba mai makami zai yi idan an tsayar da shi, da abin da zai sa ran gani daga jami'in. Mahaifiyar Castile, Valerie, tana cikin waɗanda suka matsa sai da aka yi. Iyalan sun karɓi diyyar kusan dala miliyan uku, Yanez kuma ya bar aiki da sallamar dala 48,500. Littafin da aka gyara ɗin, direbobi ne ke karanta shi.